Feshi, Waya ko Zanzaro: Da Me Za Ka Yaƙi Ƙwaron da ke Huda Itatuwan Lambunka?

A hunturun da ya wuce, wani dattijo maƙwabcinmu a lambu, can wajen dam ɗin Ajiwa, ya wayi gari ya tarar da ƙaton reshen mangwaronsa ɗan aure a ƙasa, ga fure cike a jikinsa. Iskar daren ba ta kai ta karya lafiyayyen reshe ba. Da muka duba inda ya ɓalle, sai ga rami ya bi tsakiyarsa kamar an zura rodi, gindin bishiyar kuma duk garin itace, kai ka ce kafinta ya yi aiki a wurin. Kafin azahar shawara ta rabu biyu. Yaron da ke yi masa feshi ya ce a sayo magani a wanke lambun kaf. Ɗansa kuwa, mai karatun aikin gona, ya ce, "Baba, kada a yi feshi. Akwai wasu ƙananan zanzaro da ke kashe irin waɗannan ƙwari, da su ake yaƙarsu a Amurka." Dattijon ya juyo gare ni ya ce, "To Malam, kai me ka gani?"

Na ba shi amsa a tsaye, amma maganar ta zaune ce. Ga ta nan, domin duk mai mangwaro, gwaiba, lemo ko yazawa, da mai layin bedi ko turare a bakin gona, wanda ya ga gari a gindin itacensa ya rasa ta inda zai ɓullo wa abin.

Fara sanin wanda ke cikin ramin

A cire gara a lissafi. Ita takan lulluɓe jikin itace da ƙasa, kowa ya san aikinta. Masu huda rami iri biyu ne suka fi damun mai lambu.

Na farko baƙin ƙwaro ne mulmulalle kamar guntun gawayi, kansa a sunkuye ƙarƙashin ƙeya mai kaushi. Masana na kiran danginsa Apate, kuma babban cikinsu yakan kai santimita 2 zuwa 3. Shi babban ƙwaron ne da kansa yake huda ɗanyen itace, ramin ya nufi sama, gari yana zubowa ƙasa, reshe ya zama holoƙo har iska ta karya shi. Amma 'ya'yansa ba a nan suke girma ba. A busasshen itace ake renonsu: matattun rassa, kututture, da tulin itacen girkin da aka jibge a gefen lambu. Ka riƙe wannan, domin rabin shawarar a kansa ta rataya.

Na biyu su ne masu dogayen ƙahoni biyu sirara. Su uwar ce ke saka ƙwai a tsagar ɓawo, farar tsutsa mai kauri ta ƙyanƙyashe, ta yi watanni tana ci a ƙarƙashin ɓawo, tana yanke hanyar da abinci ke bi tsakanin ganye da saiwa, daga baya ta nutsa cikin itacen. Sun fi son bishiyar da ƙishirwa ta galabaitar, ko wadda aka sassare da gatari wajen yi wa dabbobi ganye ko ɗibar sassaƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ma'aunin da zan auna da shi

Tambaya ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: shin hanyar tana isa inda ƙwaron yake? Wanda ke can cikin itace ba ɗaya yake da tsutsar da ke kan ganyen tumatir ba. Ta biyu kuɗi, ba na rana ɗaya kaɗai ba, har da na maimaici. Ta uku, tsawon lokacin da amfaninta ke ɗauka. Ta huɗu, wahalar aikin da ko mutum ɗaya zai iya. Ta biyar haɗari: ga mai aikin, ga yaran da ke tsintar mangwaro, ga ƙudan zuma, ga ita kanta bishiyar.

Feshin lambu gaba ɗaya

Shi aka fi sabawa da shi, shi ne kuma ya fi faɗuwa a tambaya ta farko. Magungunan da ake zubawa a injin goyo, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi. Wanda ya riga ya shige rami ko ƙanshinsu ba zai ji ba, ihu ne bayan hari. Abin da feshi zai iya shi ne tare wanda ya zo sauka a jikin bishiya cikin 'yan kwanakin da maganin ke da ƙarfi, kuma ranar Katsina ba ta barin ƙarfin ya daɗe. Ke nan sai an maimaita, kowane zagaye da kuɗin kwalba da na mai feshi. Babbar bishiya kuma injin goyo ba ya kai wa samanta, maganin a fuskar mai feshin yake dawowa.

Asarar da ba a gani ta fi wannan. Mangwaro a hunturu yake fure, daidai lokacin da aka fi lura da ramukan, kuma ƙudaje da ƙudan zuma ne ke ɗaukar masa barbara. Ka fesa a lokacin, ka rage 'ya'yan bana da hannunka. Ƙananan zanzaron da za mu zo kansu su ma a fili suke yawo, jikinsu ba sulke, su ne farkon mutuwa, ƙwaron da aka yi dominsa yana kwance lafiya a ɗakinsa.

Magani a cikin ramin

Wannan ya fi hankali. A share garin, a jiƙa 'yar auduga da magani, a tura cikin ramin, a liƙe bakin da laka. Yana isa ga ƙwaron idan ramin buɗaɗɗe ne, maganin da ake ci kaɗan ne, kuma bai shafi fure ba. Amfaninsa dai na wannan ramin ne kawai. Sabon ƙwaro zai huda nasa gobe.

Inda nake tsoro shi ne abin da mutanenmu ke turawa. Yawanci fiya-fiya ce, wato dichlorvos, wadda saboda ragowarta a jikin wake Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta a kasuwa barkatai. Wasu ma har ƙwayar nan ta ajiyar hatsi suke ɓantara su cusa. Ita da ta sha danshi iskar guba take fitarwa mai kashe mutum, ba abin da za a riƙa ɓarewa da hannu a lambun da yara ke shiga ba ne. Kananzir da fetur kuwa in suka yi yawa sukan ƙona ɗanyen naman itace. In za ka bi wannan hanya, nemi magani mai lambar rajista, ka tambayi malamin gona na KTARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Katsina, abin da ya dace da itacen da ake cin 'ya'yansa, ka sa safar hannu, kuma kada ka yi alhali 'ya'ya sun kusa nuna.

A Amurka akwai allurar emamectin benzoate da ake ɗura wa gangar bishiya, ta kare ta shekara biyu ko fiye. Manomanmu sun san sunan daga maganin tsutsar masara, to amma na allurar haɗi ne daban da na'ura daban, kuma itatuwan inuwa ake yi wa. Kada wani ya huda mangwaronsa ya ɗura na masara.

Waya, zarto da wuta

Ba ta da suna mai daɗi, amma a tambaya ta farko babu wadda ta kai ta. Wayar ƙafar keke ko ta babur, a ɗan lanƙwasa bakinta, a bi ramin da ita har a ji an soki ƙwaron ko a jawo shi waje, sannan a toshe da laka. Toshewar na da amfani biyu: tana hana ruwa da ruɓa shiga, kuma in ka dawo bayan kwana uku ka ga sabon gari, ka san akwai saura. Reshen da ramuka suka yi wa yawa a yanke shi da zarto daga inda yake lafiya, yanka mai santsi, kada a farfasa da gatari. Abin da aka yanke kuma kada ya kwana a lambu har ya bushe. A kai shi murhu da wuri ko a ƙone. Wanda ya soke ƙwari goma ya bar tulin busassun rassa a gefen rijiya, ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Kuɗinta na lebura ne, in ma ba kai ko yaranka za ku yi ba. Wahalarta zagaye: kowane mako, musamman daga ɗaukewar ruwa zuwa cikin rani, a duba gindin kowace bishiya. Ramin da ya yi nisa a sama sai an hau, hawa kuma a reshen da cikinsa holoƙo ne haɗari ne na gaske, a yi da tsani. Ban ruwa ma a nan yake. Binciken da aka yi kan itacen turare a Kalifoniya ya nuna cewa idan ɓawo na cike da ruwa, ƙananan tsutsotsi ba sa iya ratsa shi, sai wanda fari ya busar. Wanda ke kusa da Ajiwa, Jibiya, Zobe ko Sabke, ruwan da zai ba bishiya a Maris da Afrilu ya fi masa kwalbar magani.

Zanzaro

A nan zan daɗe, domin ɗan dattijon gaskiya ya faɗa, sai dai bai kai ta ƙarshe ba.

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin zanzaro a jikin bango ya ga tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki, a sanƙare amma ba su ruɓe ba. Harbinsu ta yi suka shanye, ta saka ƙwai, ta liƙe, ɗanta ya tashi ya tarar da abinci ɗanye. To tana da dangi dubbai da ba sa ginin laka, wasu ba su fi ƙwayar gero ba, wasu sun kai sauro ko fiye. Macen tana bin ɓawo tana shinshinar garin da tsutsa ta fitar, tana jin motsin cinta daga ciki. In ta daidaita wurin, sai ta soka wata siririyar allura da ke bayanta, ta ratsa ɓawon, ta sanƙarar da tsutsar, ta ajiye ƙwai a jikinta ko a cikinta. Wasu kuma ƙwan ƙwaron suke nema tun bai ƙyanƙyashe ba. Wasu ma ramin suke shiga da ƙafa. Allurar ta saka ƙwai ce, kuma mafi yawansu ba ruwansu da mutum. In ka ɓare ɓawon mataccen reshe ka ga wasu 'yan kwanso kamar ƙwayar shinkafa a jere inda ya kamata tsutsa ta kasance, to suna aiki a lambunka ba ka sani ba.

Labarin Amurka haka yake. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro mai sheƙi ɗan asalin Asiya a jihar Mishigan, wanda ya kashe miliyoyin itatuwan da suke kira ash. Masana suka je Sin, gidansu ƙwaron, suka nemo abokan gabarsa, daga 2007 aka fara sakin iri uku, ɗaya mai bin ƙwai, biyu masu bin tsutsa. Ɗaya daga cikinsu, Tetrastichus planipennisi, ta kama ƙasa sosai, amma allurarta gajera ce, ba ta ratsa kaurin ɓawon babbar bishiya. Sai a 2015 aka ƙara da Spathius galinae daga gabashin Rasha, mai allura mafi tsawo. Bayan duk wannan, abin da aka fi samu shi ne tsirar ƙananan itatuwa masu tasowa. Manyan da ƙwaro ya riga ya cinye sun tafi.

Na Kalifoniya ya fi kusa da mu, tunda turare ne. Ƙwaro mai dogon ƙaho, Phoracantha semipunctata, ya bayyana can a 1984. A farkon shekarun 1990 aka kawo Avetianella longoi daga Ostareliya, mai lalata ƙwansa, ta kuwa karya shi ƙwarai. Sai ga ɗan'uwansa, Phoracantha recurva, ya shigo a 1995, shi kuma ƙwansa yakan kashe ɗan zanzaron a ciki. Gida ɗaya, kama ɗaya, amma abin da ya ci wancan bai ci wannan yadda ake so ba. Darasin da ke ciki ga mai lambu a Katsina shi ne kowace zanzaro da abincinta. Ta Mishigan ko an kawo ta Ajiwa ba ta san baƙin ƙwaronmu ba, yunwa za ta kashe ta. Shigo da ƙwaro mai rai daga waje ma ba aikin mutum ɗaya ba ne, sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, bayan gwaji.

Kada wannan ya sa a ɗauka abin na Turawa ne. A Ibadan cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, ta fara sakin Anagyrus lopezi a 1981, 'yar ƙaramar zanzaro daga Kudancin Amurka, ita ta ceci rogon Afirka daga farin ƙwaron da ya kusa gamawa da shi. Farin ƙwaron mangwaro ma da ya addabi Afirka ta Yamma, wata ce daga Indiya, Gyranusoidea tebygi, aka fara saki a Togo a 1987 ta kwantar da shi. Nan kusa kuma, da ka wuce Jibiya ka shiga Maraɗi, masanan INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, sun daɗe suna kiwon Habrobracon hebetor don tsutsar kan gero, wadda can suke kira murzuna. 'Yan ƙananan buhunan algarara ake zuba wa gero da tsutsotsin kiwo da mata biyu na zanzaron, a rataya kamar 15 a kewayen ƙauye, 'ya'yan su riƙa fita suna bazuwa gonaki. Aiki ne mai kyau da nake fatan ganinsa ya yawaita a Daura da Mai'aduwa da Zango. Amma tsutsar gero take ci, ba ƙwaron itace ba.

Saboda haka zaɓin da ke hannunka shi ne kiyaye waɗanda Allah Ya riga Ya ajiye a lambun. Abu uku suke so. A daina feshin kan mai uwa da wabi. A bar musu fure, domin manyansu ruwan fure suke sha, kuma bakinsu gajere ne, sai fure mai buɗaɗɗen baki: layin karas ko albasa da aka bari ya yi kai. Sannan inuwa da ɗan danshi a lokacin zafi. Kuɗin wannan kusan babu, kuma in sun zauna kowace shekara suna nan.

Iyakarsu fa? Ƙwai da tsutsa suke bi. Baƙin ƙwaron nan babba mai sulke, wanda ya karya reshen dattijo, ya fi ƙarfinsu. 'Ya'yansa da ke busasshen itace kaɗai za su iya taɓawa. Ba sa ƙarar da ƙwaro, rage shi suke yi. Kuma aikinsu na shekaru ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

| Hanya | Isa ga ƙwaro | Kuɗi | Daɗewar amfani | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Feshin lambu duka | Ba ya isa na cikin rami | Mai yawa, ana maimaitawa | 'Yan kwanaki | Babbar bishiya ba ta fesuwa | Babba: mutum, zuma, zanzaro, fure |
| Magani a rami | Yana isa in ramin a buɗe yake | Kaɗan | Ramin da aka yi wa kawai | Rami-rami ake bi | Ya danganta da maganin |
| Waya, yanka, ƙonawa, ban ruwa | Yana isa kai tsaye | Na lebura da ruwa | Muddin ana zagaye | Mai yawa | Faɗowa daga bishiya |
| Kiyaye zanzaron gida | Ƙwai da tsutsa kawai | Kusan babu | Shekaru | Kaɗan, sai haƙuri | Babu na a zo a gani |
| Sakin zanzaron kiwo | Sai irin da ya dace da ƙwaron | Aikin hukuma da cibiyar bincike | Shekaru in ta kama | Ya fi ƙarfin mutum ɗaya | Sai an yi gwaji kafin saki |

Wa ya dace da wacce

Mai bishiya biyu ko uku a tsakar gida, cikin Katsina ko Daura: waya da laka sun ishe ka. Kada guba ta shiga gidan da yara da kaji suke, kuma ka matsar da itacen girki daga gindin bishiyar.

Mai lambun kasuwa da ya ga gari a wannan makon: waya da zarto yau, a ƙone abin da aka yanke, maganin rami ga ramukan da waya ta kasa kai wa ƙarshensu kawai. Zanzaro ba za ta ceci wannan reshen ba. Amma daga yau ka fara yi mata wuri, don na baɗi.

Mai sabon dashe, wanda itatuwansa ba su wuce shekara uku ko huɗu ba, shi ya fi kowa cin ribar zanzaro, domin ɓawonsu siriri ne, kowace allura na ratsa shi. Ruwa a kan kari, kariya daga awaki da gatari, da kayan lambu masu fure a tsakanin layuka.

Masu kula da dogayen layukan bedi da turare na tare hamada a ƙananan hukumomin kan iyaka: ba mai iya bin dubban itatuwa da waya, feshi kuma ɓarnar kuɗi ce. Kwashe matattu da wuri, hana sassaka, a bar abokan gabar ƙwaro su yi sauran. In aka ga wani baƙon ƙwaro na kisa da yawa, a kama shi a kwalba a kai wa jami'an gandun daji ko sashen aikin gona na jami'a, domin sanin sunansa ne matakin farko na nemo zanzaron da ke cinsa.

Feshin gangar bishiya kaɗai, ba fure ba ganye, na bar wa wanda maƙwabcinsa ya tara busasshen itace ya ƙi kwashewa, ƙwari na tasowa daga can kowane dare, shi ma na ɗan lokaci kafin a sasanta da maƙwabcin.

Dattijon Ajiwa a rukuni na biyu yake, na masu lambun kasuwa. A ranar muka zaƙulo baƙaƙen ƙwari daga bishiyoyi huɗu, aka kwashe tulin rassan da ke bayan ɗakin injin ban ruwa aka kai gida don girki, kuɗin feshin kuma ya sayi mai ya ƙara ban ruwa. Ɗansa ya roƙi a bar masa kunya biyu ta karas ta yi fure a tsakanin mangwaron, aka bar masa. Yanzu duk Asabar da safe shi ke zagaye da wayarsa da ɗan kwanon laka.